TABARMAR MALAM: Kowane Nama Da Irin Yajinsa

  A wannan wata mun ɗan ajiye alli da allo za mu leƙa madafa, domin Babbar Sallah tana tafe, kuma masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar da na ɗauko muku ita ce ta yaji da sauran mahaɗin nama, wato yadda ake zaɓensu da yadda ake haɗa su. Wani zai ce, to Malam ya rasa abin faɗa ne? A yi mini haƙuri a ji dalili tukuna.

Sallar bara ɗan ƙanwata ya zo mana hutu daga Bronx, wani yanki na birnin Niyok a Amurka inda 'yan Zango suke da yawa. Cikin tsarabar da ya kawo har da wata kwalba mai miya baƙi-baƙi mai kauri. Ranar da aka yi yanka, bayan an fitar da na maƙwabta da na mabukata, sai ya ce mini, "Kawu, yau dai ku zauna ku huta, za ku ci gashi irin na Amurka." Ya ɗebi naman cinya da aka riga aka yanyanka fale-fale domin tsire, ya dulmiya shi cikin miyar nan, ya soka a tsinke, ya jera a kan garwashi. Kafin a ce kwabo hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Naman ya yi baƙi ƙirin daga waje, cikinsa ɗanye, ga ɗaci kamar maɗaci. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin yajinta. Inna kuwa, wato mahaifiyarmu, ta dubi yaron ta ce, "Ɗan nan, miyarka ba ta san wutarmu ba." Rabin cinyar rago muka yi hasara a ranar, kuma duk wanda ya sayi rago a shekarun nan ya san abin ba na dariya ba ne.

Da dare na ɗauki kwalbar na karanta takardar da ke jikinta, irin halin malaman makaranta. Sai na ga bayan tumatir, sukari ne ya fi yawa a ciki. Nan take na gane abin da Inna ta gane ba tare da ta karanta komai ba. Sukari yakan fara ƙonewa idan zafi ya haura digiri 160, garwashin mai tsire kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ashe miyar ba ta da laifi, an dai kai ta inda ba wurinta ba ne.

YADDA SUKE YI A CAN

A kudancin Amurka akwai wani gashi da suke alfahari da shi. Sukan ɗauki babbar tsoka ta kafaɗa su ajiye ta nesa da wuta, cikin hayaƙi da zafi kaɗan, kamar digiri 110, har awa goma ko fiye. Idan ta nuna sai a yayyage ta zare-zare, sannan a zuba mata miya. Galibi da naman alade suke yi, wanda mu ba abincinmu ba ne, amma a jihar Texas ƙirjin sa suka fi gasawa, da gishiri da baƙin masoro kawai. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda kowane yanki yake da miyarsa. Mutanen gabashin Karolina ta Arewa ruwan tsami na binega suke haɗawa da barkono, tsararo kamar ruwa, domin tsami ya karya kitse. Mutanen birnin Kansas kuwa tasu mai kauri ce, ta tumatir da baƙin ruwan rake, kuma irinta ce aka fi ɗurawa a kwalba ana sayarwa, wato irin wadda ɗanmu ya kawo. Su kansu masu ita ba sa shafa ta sai gashi ya zo ƙarshe, ko kuma bayan an sauke.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce. Irin waɗannan kwalabe suna samuwa a manyan kantunan Ankara da Kumasi. Duk wanda zai saya ya karanta abin da aka rubuta a jiki, ko ya sa ɗan makaranta ya karanta masa, saboda wasu ana zuba musu barasa domin ƙamshi, wasu kuma ana sa musu kyafaffen naman alade.

To, jama'a, nama da aka dafa har ya saki jiki aka yayyage shi zare-zare, ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Dambun nama ke nan, wanda iyayenmu mata suka daɗe suna yi. Kuma ka'idar da mutanen Amurka suke bi, ita ce mahautanmu suke bi ba tare da littafi ba: a dubi naman, a dubi wutar, sannan a zaɓi mahaɗi. Wannan ita ce maganar tawa ta yau gaba ɗaya.

DAGA INA KAYAN YAJINMU SUKA FITO?

Ni haifaffen Salaga ne, kuma duk ɗan Salaga ya tashi da labarin fatake. A ƙarni na 19 ayarin Hausawa yakan taso daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, a yi watanni a hanya, a biyo ta Sansanne Mango da Yendi, a sauka Salaga neman goro. Sukan zo da kanwa, da tufafi, da kayan fata, da dabbobi, da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Gishiri kuwa ga shi nan kusa a Daboya, cikin ƙasar Gonja. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a shekarar 1892 shi ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa, suka ƙara wa zangunan kudu jama'a. Duk inda suka sauka mahauta suna cikinsu. Shi ya sa a yau tsire, wanda a nan Ghana aka fi sani da cicinga, ya zama abincin kowa, kamar yadda waakye da koose da tuo zaafi suka zama, alhali sunayensu daga wake da ƙosai da tuwon zafi suka fito.

Idan ka buɗe gwangwanin yaji, rabin duniya ce a ciki. Masoro da kimba da citta mai 'ya'ya tsirran kurmin Afirka ta Yamma ne, Asantawa suna kiransu esoro wisa da hwentia da efom wisa, kuma yana da kyau matan Zango da ke kudu su san waɗannan sunaye domin kada a ba su wani abu dabam a kasuwa. Kanumfari sunansa ma daga Larabci ya zo, kuma a nahiyarmu tsibiran Zanzibar da Pemba ne suka yi suna wajen nomansa. Barkono kuwa, wanda mu a nan muka fi ce wa tankwa, shi da gyaɗa duk asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su iso mu ba sai bayan da jiragen Turawa suka haɗa nahiyoyin biyu daga shekarar 1492. Wato kakanninmu ma sun karɓi baƙon abu, sai dai sun gwada shi sun ga inda ya dace kafin su ba shi wurin zama. Saboda haka ba ƙyamar kayan waje nake yi ba.

ZAƁEN KAYA A KASUWA

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne sayen dakakken yaji a ƙulle cikin leda, ba a san wanda ya daka ba, ba a san abin da ya zuba ba. Akwai masu gaskiya da yawa cikin masu sayarwa, amma akwai masu ƙara dusa ko garin masara domin ya yi yawa, sannan su zuba rini ya yi ja. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba. A shekarar 2005 an janye ɗaruruwan nau'o'in abinci daga kantunan Ingila saboda an samu garin barkono mai wani rini da ake kira Sudan, wanda na masana'anta ne, kuma ana zargin yana haddasa ciwon daji. A nan Ghana ma, a shekarar 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta gano irin wannan rini cikin manjan da ake sayarwa a kasuwannin Ankara. Wasu sukan ce a zuba garin cikin kofin ruwa a gani. Gaskiya ne, yashi zai kwanta, rinin da ke narkewa a ruwa zai nuna kansa, amma shi rinin Sudan a mai yake narkewa, ruwa ba ya tona masa asiri. Hanya mafi aminci ita ce a sayi barkono ƙwaya-ƙwaya, a gan shi da ido, a daka a gida ko a tsaya a kansa a wurin niƙa.

Barkono mai kyau yana da sheƙi, idan aka girgiza shi 'ya'yansa suna ƙara, kuma idan aka fasa ba a ganin fari-fari ko baƙi-baƙi a ciki. Busasshiyar citta a karya ta, idan ta yi gari ko an ga ƙananan ramuka, ƙwari sun riga ka. Kanumfari a matsa shi da farce, mai kyau zai nuna ɗan maiƙo. Kimba a shinshina, wadda ta tsufa ba ta da ƙamshi sai ɗaci.

Inda na fi so a natsu shi ne wajen ƙuli-ƙuli, domin shi ne gangar jikin yajin tsire. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ko wadda aka ajiye a wuri mai laima, takan kamu da wata funfuna mai fitar da dafi da masana ke kira afalatoksin. An gano shi ne bayan da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960, sakamakon abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A Kenya a shekarar 2004 mutum 125 suka rasu bayan sun ci masara mai wannan dafi. Wanda yake cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa, hantarsa ce take wahala, har abin ya kai ga ciwon daji, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Abin tsoron shi ne suya ba ta kashe shi, gashi ma haka. Kuma kowa ya san cewa a wasu wurare gyaɗar da aka tsince aka ware, wadda ba ta sayuwa, ita ake kai wa niƙa a yi mai da ƙuli. Saboda haka a sayi ƙuli a wurin matar da aka sani, wadda aka ga irin gyaɗar da take aiki da ita. In da hali a sayi gyaɗar a tsince da hannu, a zubar da duk wadda ta motse, ko ta canja launi, ko take ɗaci, kada ma a ba kaji. Araha ba ta ado, balle a kan abin da yara za su ci.

NA FARKO: YAJIN ƘULI, DOMIN TSIRE

Tsire nama ne marar kitse da aka yanka fale-fale, kuma ba ya daɗewa a wuta. Aikin ƙuli a nan shi ne ya yi masa riga, ya tsare ruwan jikinsa kada ya bushe. Ga awon da muke bi a gidanmu, da gwangwanin madara da cokalin cin abinci: dakakken ƙuli gwangwani 4, barkono gwangwani 1 (ko rabi idan akwai yara), citta rabin gwangwani, masoro cokali 1, busasshiyar tafarnuwa cokali 2, kanumfari ƙwaya 10, kimba sili 3, gishiri cokali 2. Kimbar a fasa a cire 'ya'yan, domin su ne masu ɗaci. A ɗan ɗumama masoro da kanumfari da kimba a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, a daka kowanne dabam, a tankaɗe, sannan a haɗa. Ƙulin kada ya zama mai sukari, in ba haka ba abin da ya sami ɗan ƙanwata zai same ka. Idan yana da maiƙo da yawa a baza shi a kan takarda mai tsabta ta tsotse.

Mai son dunƙulen Maggi ya sa biyu, amma ya rage gishiri, saboda kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma hawan jini ya yi yawa a Zango. Garin daddawa kaɗan yana ba da irin wannan garɗi.

Kafin a fara gashi a raba yajin gida biyu. Wanda aka birkita ɗanyen nama a ciki kada ya dawo kan gasasshe, kuma abin da ya rage daga cikinsa a zubar. Ciwon cikin da ake yawan yi bayan Sallah, wanda ake ɗora wa yawan cin nama, wani lokaci daga nan yake.

NA BIYU: YAJIN TANKWA, DOMIN BALANGU DA ZABO

Lokacin da nake Kwalejin Horon Malamai ta Gbewaa a Pusiga, mukan shiga Bawku ranar kasuwa, wadda take ci duk bayan kwana uku. Akwai wani dattijon mahauci da nakan tsaya a wurinsa. Na lura ba ya barbaɗa wa balangunsa komai a kan wuta sai gishiri da ɗan mai. Ran nan na ce masa, "Baba, me ya sa ba ku sa ƙuli kamar masu tsire?" Ya ce, "Malam ƙarami, nama mai kitse ya zo da mansa. In ka ƙara masa gyaɗa, loma uku za ka ajiye." Sai ya yanka mini, ya ɗora jar albasar nan ta Bawku, ya zuba yaji a gefe, ya matse lemon tsami. Ka ga darasin mutanen Karolina ke nan a bakin wanda bai taɓa jin sunan garinsu ba: kitse tsami yake so.

Wannan yaji babu ƙuli a cikinsa. Barkono gwangwani 2, citta gwangwani 1, tafarnuwa cokali 3, masoro cokali 1, citta mai 'ya'ya rabin cokali, gishiri cokali 2. Yana daɗewa a ajiye fiye da na ƙuli, tun da ba shi da mai.

Zabo kuwa, wanda a nan Yendi inda nake koyarwa ba a raba shi da karɓar baƙo, akasin balangu ne. Namansa ba kitse, yana saurin bushewa. A kwaɓa wannan yajin da man gyaɗa da markaɗaɗɗiyar albasa da ɗanyar citta, a shafe shi ciki da waje, a bar shi awa ɗaya a inuwa, a gasa nesa da wuta ana ƙara shafa mai.

Kilishi shi ma yana da nasa, wato labu, wanda ake damawa da tunkuza da kayan yaji a tsoma busasshen nama a ciki. Amma kilishi rana yake so, Sallar layya kuwa a 2024 da 2025 cikin watan Yuni ta faɗo, ga hadari ga laima. A irin wannan yanayi dambu ya fi kilishi aminci ga matar gida.

NA UKU: DAMBU, INDA YAJI KE SHIGA TUKUNYA

Dambu iri biyu ne a gidanmu, na ajiya da na ci yanzu, kuma tun daga wurin mahauci suke rabuwa.

Na ajiya cinya yake so, tsoka zalla, a cire kitse. Ga kilo 2 na nama, a sa albasa 3, tafarnuwa dunƙule 1, ɗanyar citta kamar babban yatsa biyu, attarugu 5, kimba sili 3, kanumfari 6, da gishiri. Ruwa ya rufe naman kawai. A dafa da wuta kaɗan awa biyu zuwa uku har ruwan ya tsotse. A nan yaji ba a bayan nama yake tsayawa ba, cikin zaren yake shiga, shi ya sa ba a ɗauraye tukunyar dambu da ruwa mai yawa. A tsame kimba, a daka naman a turmi tun da ɗuminsa, a warware da hannu, a soya da man gyaɗa kaɗan a wuta marar ƙarfi ana juyawa ba tsayawa, har ya yi ja ya fara ƙaras-ƙaras a cikin kasko. A tsane man, a barbaɗa yajin tankwa, a baza a faranti ya huce sarai kafin a rufe. Ruwa shi ne abokin gabar dambu. Wanda aka rufe da zafi zai yi gumi ya yi funfuna, haka wanda ake ɗiba da jiƙaƙƙen cokali. Idan ya soyu da kyau yakan yi makonni ba tare da firji ba. Waɗanda suka ga ɗaukewar wuta ta dumsor a shekarar 2015 sun san darajar wannan, domin gidaje da yawa sun zubar da nama daga firji, mai gwangwanin dambu kuwa ko a jikinta.

Na ci yanzu shi ne ɗan'uwan na Amurka. Shi kafaɗa yake so, ko wuya, ko ƙirji, wato wuraren da suke da jijiya da kitse, waɗanda mutane suke rainawa saboda tauri. Jijiyar nan idan ta daɗe a zafi marar ƙarfi narkewa take yi ta zama romo mai danƙo, irin wanda ake gani a farfesun ƙafar sa idan ya huce. Wuta mai ƙarfi kuwa ƙara ɗaure naman take yi. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A shafe tsokar da yajin tankwa, a ɗan gasa ta a garwashi ta ɗauki ƙamshin hayaƙi, sannan a sa a tukunya mai murfi da albasa da ruwa kofi 2, a bar ta awa uku zuwa huɗu a kan wuta kaɗan, ana dubawa kada ruwa ya ƙafe. Alamar ta yi ita ce ƙashi ya zare da kansa. Sai a yayyage da cokali biyu. Ba a dakawa, ba a soyawa.

ROMON TSAMIYA

Wannan nama yana bukatar miya mai tsami da ɗan zaƙi, kuma ba sai an je kanti ba. Bayan abin da ya faru, ni da uwargida mun yi ta gwaji har muka tsaya a kan wannan. A jiƙa tsamiya cikin tafin hannu ɗaya a ruwan zafi kofi 2, a murje a tace. A soya markaɗaɗɗiyar albasa 2 cikin man gyaɗa cokali 3 har ta yi ja. A zuba tumatirin gwangwani ƙarami 1, da tafarnuwa da ɗanyar citta, a juya minti biyar. A zuba ruwan tsamiyar, da romon naman kofi 1 bayan an kwashe kitsen da ya taso, da kimba sili 1, da garin daddawa rabin cokali, da yajin tankwa gwargwadon bakin mutanen gida. A bar shi ya yi ta ɓararraka a hankali minti ashirin. Zuma cokali 2 ita ce ta ƙarshe, bayan an rage wuta. A ɗanɗana. Idan tsami ya yi yawa a ƙara zuma, idan zaƙi ya yi yawa a matsa lemon tsami. Ya kamata tsamin ya riga zaƙi zuwa harshe.

A zuba kaɗan a kan naman a juya, ya jiƙa shi kawai, sauran a kawo a kwano kowa ya ƙara da kansa. Idan aka ci nama aka ji miya kaɗai, an yi ɓarna. Yana tafiya da burodi, da waakye, da soyayyar doya, wadda Allah Ya hore mana ita a Salaga da Yendi. Amma a kula, wannan ba na ajiya ba ne. A cinye a ranar, ko a sa a firji kada ya wuce kwana uku, kuma a tafasa shi sosai kafin a sake ci.

Ita kuwa kwalbar ɗanmu, da na tabbatar babu abin da ya haramta a cikinta, ba mu zubar ba. Washegari muka dafa kafaɗar ragon ta wannan hanya, muka sirka miyar tasa da ruwan tsamiya da tankwa, muka zuba bayan an sauke. Inna ta ci ta ce, "To, yanzu ta gaishe mu."

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kwanakin baya na tambayi 'yan ajina su faɗi abin da ke cikin yaji. Daga tankwa sai gishiri sai Maggi, nan aka tsaya. Ƙalilan ne suka ambaci citta, kuma da na ɗaga silin kimba, 'ya'yan Hausawa da dama ba su san sunanta ba. Abin ya dame ni, domin mu tsiraru ne a ƙasar nan, kuma harshe ba a makaranta yake fara mutuwa ba, a madafa yake farawa. Ranar da aka daina daka yaji a gida, ranar ce kalmomi goma za su fita daga bakin yara, su tafi da sanin da ke bayansu. Sauran 'yan ƙasa sun san mu da wannan sana'a, suna girmama mu a kanta, ta kuma biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta.

Saboda haka ga aikin gida, tun da malami ba ya fita aji bai bayar ba. Kafin Sallah da mako biyu, uwa ko uba ya ɗauki yaro ɗaya, mace ko namiji, su tafi kasuwa tare. A sayi kayan yaji ƙwaya-ƙwaya, a faɗa masa sunan kowanne da Hausa, a bar shi ya shinshina, ya taya tsintar gyaɗa, ya riƙe rariya. Ranar yanka kuma a nuna masa cinya da kafaɗa, a gaya masa wadda za ta tsire, da wadda za ta tukunya, da dalili.

Iyayenmu mata na Bawku da Yendi da Salaga, na san kowace da sirrin gwangwaninta, kuma na san wasu za su ce awon Malam bai yi daidai ba. Ina maraba da gyara. Ku aiko ta hannun edita, za mu buga a wannan fili in Allah Ya so.

Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya karɓi layyarmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa. Ku huta lafiya.